Murhun Kaka: Yadda Sinawa Ke Bin Sawun Asalinsu ta Hanyar Abinci

Duk shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ƙasar Sin takan tashi tsaye. Ma'aikatan masana'antun Shenzhen da Dongguan, leburorin gini na Shanghai, ɗaliban jami'o'in Beijing, kowa ya ɗaure kayansa ya nufi garinsu. Hukuma kan ware kwana 40 domin wannan zirga-zirga, kuma a 2019 an ƙidaya tafiye-tafiye kusan biliyan 3 a cikin waɗannan kwanaki. Mutum zai yi yini da kwana a tsaye cikin jirgin ƙasa, ba don komai ba sai don ya riski cin abincin daren jajiberin sabuwar shekarar Sinawa a gaban iyayensa. Zumunta a ƙafa take, amma a wurin Sinawa inda ƙafar ke tsayawa shi ne bakin teburi.

A arewacin ƙasar, inda alkama ta fi shinkafa, abincin wannan dare shi ne jiaozi. Tun la'asar ake kwaɓa fulawa a rufe ta da tsumma mai laima ta huta. Sai a mulmula ta ta yi tsawo, a gutsuttsura, a danne kowane gutsure da tafin hannu. Mai murji zai riƙe gefen da hannun hagu yana juyawa, hannun dama yana tura 'yar gajeriyar sanda, domin tsakiya ya fi baki kauri kada ya fashe a tukunya. A gefe guda an riga an haɗa niƙaƙƙen nama da kabejin da aka barbaɗa wa gishiri aka matse ruwansa, da ɗanyar citta, da ganyen albasa, da man riɗi. Wani na zubawa, wani na naɗe baki yana tsunkulawa, yaro na jerawa a faranti. Wasu gidajen kan ɓoye tsabar kuɗi a cikin guda ɗaya, wanda ya ci karo da ita a ce shekarar tasa ce. Idan an zuba su a tafasasshen ruwa, tsofaffi kan ƙara ruwan sanyi sau uku kafin a tsame, don cikin ya nuna ba tare da fatar ta dagargaje ba. Gidan mutum goma na buƙatar ɗaruruwa. Mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma a ganina nan ne gaba ɗayan maganar take: abinci ne da aka ƙera shi don ya tilasta wa iyali zama wuri guda na tsawon sa'o'i, hannu na aiki baki na hira.

Me ya sa abinci ya ɗauki irin wannan nauyi a al'adar Sinawa? Wani ɓangare na amsar yana cikin tsohon imaninsu game da magabata. A gargajiyance, wanda ya mutu bai fita daga lissafin masu cin abincin gida ba. Ranar Qingming, wadda ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu, iyali kan je su share kaburbura, su jera wa mamaci abin da yake so yana raye: dafaffiyar kaza, lemo, shayi, shinkafa. Kafin sabuwar shekara da mako guda kuma, akwai gidajen da ke shafa wa hoton Zao Jun, wanda suka ɗauka a matsayin mai tsaron murhu, abu mai zaƙi a baki, wai don ya kai labarin alheri game da gidan. Mai karatu Musulmi ko Kirista ba zai yarda da wannan aƙida ba, kuma miliyoyin Sinawan yau ma sun bar imanin sun riƙe ɗabi'ar kawai. Abin lura shi ne yaron da ya tashi a irin wannan gida ya san kakan kakansa ta hanyar abin da ake dafa masa, tun kafin ya iya karanta sunansa a kan dutsen kabari.

Sannan akwai yunwa. Tsakanin 1959 da 1961 ƙasar ta faɗa cikin ɗaya daga cikin yunwa mafi muni a tarihin ɗan Adam, inda gomman miliyoyi suka mutu. Kafin nan, a 1958, an tara mutanen karkara a ɗakunan cin abinci na gama-gari, an hana girki a gida a wurare da dama, har an narka kasko da tukwanen ƙarfe a ƙoƙarin samar da ƙarfe ga ƙasa. Takardun rabon hatsi da aka fara a 1955 ba su gushe ba sai 1993. Kakannin da ke raye yau sun ga wannan da idonsu. Saboda haka in tsohuwa ta dinga tura wa jikanta tsoka cikin kwano alhali ya ce ya ƙoshi, ko ta tare shi da tambayar ko ya ci abinci kafin ta tambayi lafiyarsa, ba surutun tsufa ba ne. Marubuta Sinawa da yawa da suka tashi a ƙasashen waje sun faɗi abu iri ɗaya game da iyayensu: ba sa furta so da baki, ba sa ba da haƙuri da baki, amma bayan an yi faɗa sai ka ga farantin yankakken 'ya'yan itace an turo maka ɗaki. Fim ɗin Ang Lee na 1994, Eat Drink Man Woman, a kan wannan aka gina shi: tsohon kuku a Taipei, matarsa ta rasu, harshensa ya daina jin ɗanɗano, amma duk Lahadi sai ya cika teburi don 'ya'yansa mata uku, saboda ba shi da wata hanyar yi musu magana.

Kalandar kanta da abinci ake karanta ta. Ran 5 ga wata na biyar a kalandarsu ta gargajiya ana naɗe shinkafa mai danƙo a ganyen gora, zongzi ke nan, don tunawa da mawaƙi Qu Yuan da ake cewa ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin miladiyya. Ran 15 ga wata na takwas ana yanka wainar wata a raba. A tsakiyar hunturu mutanen kudu kan sha ƙananan dunƙulen garin shinkafa a ruwan zaƙi. Mace in ta haihu, wata guda take yi a ɗaka ana ba ta abinci mai ɗumama jiki, kaza da citta da man riɗi a Taiwan da Fujian, kuma uwa ko uwar miji ce ke tsaye a kanta, kwatankwacin yadda mai jego a ƙasar Hausa ke kwana arba'in a hannun tsohuwa da kunun kanwa.

Inda maganar ta fi zafi shi ne wajen waɗanda suka bar gida. Daga tsakiyar ƙarni na 19, talauci da yaƙe-yaƙe sun kori ɗimbin mutane daga lardunan Guangdong da Fujian. Wasu sun bi labarin zinaren Kalifoniya bayan 1848, wasu suka shimfiɗa layin dogon da ya ratsa Amurka aka gama a 1869, akasarinsu daga yankin Taishan da kewayensa. Kimanin 100,000 aka kwasa zuwa Peru tsakanin 1849 da 1874 a kan kwantiragin da bai da maraba da bauta. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, dokar da ba a soke ba sai 1943. An toshe musu mafi yawan sana'o'i, aka bar musu wanki da girki. A 1915 wata kotun tarayya ta yarda a lissafa masu manyan gidajen abinci cikin 'yan kasuwa, waɗanda dokar ta bari su shiga su fita su kuma kawo dangi. Sai mutane suka dinga haɗa jari suna buɗe gidajen abinci, suna karɓa-karɓar muƙamin manaja, kowa ya samu ya ɗauko ɗansa ko ƙanensa. Wato a zahiri, ba a misali ba, ta ƙofar kicin iyalai da yawa suka sake haɗuwa. Yau ƙiyasin da aka fi ambata shi ne gidajen abincin Sinawa a Amurka sun haura 40,000.

Amma jikokin waɗannan mutane, da 'ya'yan waɗanda suka zo bayan sauyin dokar shige da fice na 1965, sun biya wani farashi. Abin da aka saba gani a iyalan baƙi shi ne kaka na jin harshen gida kaɗai, uba na jin biyu, jika na jin na ƙasar da aka haife shi kaɗai. Rubutun Sinanci, mai buƙatar haddace dubban alamomi kafin a iya karanta jarida, shi ke fara tafiya. Tufafi sun tafi tun tuni. Suna ma yakan canza. Abin da ke saura shi ne ɗanɗano, domin harshen yaro ya koyi kunun shinkafa da waken da aka ruɓar da gishiri tun bai san akwai abin da ake kira asali ba. Kuma ko wannan ɗin an so a raba su da shi. Labarin yaron da ya buɗe kwanon abincinsa a makaranta 'yan aji suka toshe hanci, ya koma gida ya roƙi uwarsa ta daina sa masa abincin gida, ya yawaita a rubuce-rubucen Sinawan Amurka da Kanada da Birtaniya har wasu na ganin an cika maimaita shi. Ni ban ga laifin maimaitawar ba. Abin da ya sami yara da yawa haka dole ya yawaita a baki.

Ƙyamar ta samu rigar kimiyya a 1968, lokacin da wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga wasiƙar wani likita, Robert Ho Man Kwok, yana tambayar dalilin kasalar da yake ji bayan cin abinci a gidajen abincin Sinawa. Nan da nan aka ɗora laifin a kan farin sinadarin ɗanɗano da masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908, wanda muka sani a kasuwanninmu da sunan Ajinomoto. Aka ƙirƙiro suna na cuta aka jingina wa gidajen abincin Sinawa, alhali sinadarin na cikin miyar gwangwani da kayan maƙulashen da Amurkawa ke ci kullum ba tare da ƙorafi ba. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya, inda mai ci bai san abin da aka ba shi ba, sun kasa tabbatar da zargin a gwargwadon da mutane ke ci. Amma shekaru da dama masu gidajen abinci na liƙa sanarwa a taga suna rantsuwa ba sa amfani da shi.

Komawa gida takan zo ne a makare, galibi idan iyaye sun fara tsufa. Grace Young, wadda aka haifa a San Faransisko, ta yi shekaru tana aikin gwada girke-girken Turawa a wani babban kamfanin buga littattafai kafin ta farga ba ta iya abincin gidansu ba. Ta koma ta tsaya kusa da iyayenta da danginta a kicin tana rubutawa, abin da ya zama littafinta na 1999, The Wisdom of the Chinese Kitchen. Duk wanda ya gwada irin wannan ya ci karo da katanga ɗaya: tsofaffi ba sa awo. Gishiri nawa? Daidai gwargwado. Minti nawa? Sai ya nuna. Ruwan shinkafa, da gaɓar yatsa ake auna shi. Zafin kasko kuwa, da tafin hannu a saman ƙarfe ake ji, ko da ƙarar da tafarnuwa ta yi sa'ad da ta faɗa mai. Wannan ilimi a jiki yake zaune, kuma ba ya tashi daga jiki zuwa takarda sai da asara. Dole mai koyo ya zo ya tsaya, ya ɓata, a yi masa faɗa, ya sake. A cikin tsayuwar nan ne ake jin abin da ba a taɓa tambaya ba: sunan ƙauyen, yadda aka tsallaka zuwa Hong Kong, ƙanwar da ta mutu a shekarar yunwa. Tsoho da ba zai zauna a yi masa tambayoyi game da rayuwarsa ba, sai ya faɗe ta duka yana yanka albasa, idonsa a kan wuƙa. A 2020, lokacin kullen korona, wani matashi a Kalifoniya, Randy Lau, ya fara ɗaukar bidiyon mahaifinsa, tsohon kuku, yana girki yana bayani da harshen Kantonis, ana rubuta fassara a ƙasa. Shirin, Made With Lau, ya tara mabiya sama da miliyan a YouTube, da yawansu 'ya'yan baƙi ne da ke jin muryar iyayensu a muryar tsohon.

Sai dai wace al'ada ake komawa gare ta? A nan ake yawan tafka gardamar abincin asali da na jabu, kuma gardama ce da nake ganin an ɗora ta a kan tubalin toka. Ɗan biskit ɗin nan mai takardar duba a ciki, da ake bayarwa a gidajen abincin Sinawan Amurka, daga Japan ya samo asali, kuma ba a san shi a Sin ba. Kazar da ake kira ta Janar Tso, wani kuku ɗan Hunan mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙire ta a Taiwan a shekarun 1950, ya kai ta New York a 1973, inda aka ƙara mata sukari. Janar ɗin, Zuo Zongtang, ya mutu tun 1885 bai taɓa jin labarinta ba. A Peru akwai chifa, girkin da jikokin leburori suka haɗa da kayan ƙasar, wanda yau ɗan Lima ke ɗauka nasa ne. A Malaka da Penang da Singafo akwai girkin Nyonya, na zuriyar fataken Sin da suka auri matan yankin, mai kwakwa da tsamiya da yaji. Mai neman tsantsa zai ce duk waɗannan gurɓatattu ne. To amma barkonon da ake alfahari da shi a Sichuan da Hunan daga nahiyar Amurka ya zo, bai shiga Sin ba sai ƙarshen ƙarni na 16. Ƙasar da arewacinta ke cin alkama, kudancinta ke cin shinkafa, wadda ake lissafa mata manyan salon girki takwas, ba ta taɓa samun tukunya ɗaya da za a ce ita ce ma'auni ba. Yarinyar da kakanta ya rayu yana soya shinkafa a wani ƙauyen Ingila, gadonta shi ne wannan soyayyar shinkafar, tare da kifin da ake turarawa a madambaci bayan an rufe shago, wanda ba a sayar wa kowa.

Akwai reshe na wannan labari da ya fi kusa da mu. Musulmin Hui, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11, Sinanci suke yi, kamanninsu na sauran Sinawa ne, kuma a ƙasar da naman alade ya fi kowane nama yawa a kasuwa, abin da ke bambanta gidansu da na maƙwabci kullum shi ne tukunya. Taliyar Lanzhou da ake ja da hannu a zuba a romon naman sa, wadda ake danganta wa wani Bahui mai suna Ma Baozi a 1915, ta bazu a duk biranen ƙasar, kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou da Yiwu sun san shagunanta, don nan ne mutum ke cin halal hankali kwance. Bayan da sojojin daular Qing, ƙarƙashin wannan Janar Zuo ɗin da aka laƙaba wa kaza sunansa, suka murƙushe boren Musulmin arewa maso yamma, dubban Hui sun tsallaka tsaunukan Tian Shan cikin hunturun 1877 zuwa 1878 suka shiga yankin da ke hannun Rasha. Zuriyarsu, da ake kira Dungan, suna Kirgistan da Kazakistan har yau. Da haruffan Rasha suke rubuta harshensu. Amma da sanduna suke cin abinci, suna jan taliya, suna noman kayan lambun da kakanninsu suka zo da irinsu, kuma taliyarsu mai sanyi da tsami, ashlan-fu, ta zama abin da ake zuwa garin Karakol domin a ci.

Ba na son in bar mai karatu da zaton duk abin daɗi ne. Teburin da ke haɗa iyali, wani ne ke tsayuwa ya cika shi, kuma galibi mace ce, sau da yawa matar ɗa a gidan surukai, wadda a wasu yankunan karkarar arewa a da ba a ma bari ta zauna da baƙi maza ta ci. Angela Hui, wadda iyayenta suka fito daga Hong Kong suka buɗe shagon abinci a ƙauyen Beddau na Wales, ta rubuta a littafinta na 2022, Takeaway, yadda ta tashi tana aiki a bayan kantar shagon tun tana ƙarama, da cin mutuncin da suka sha daga wasu masu saye. Iyaye da yawa irin nata sun yi wannan wahala ne musamman don kada 'ya'yansu su gaji kasko. Sai ga ɗan da aka kashe wa kuɗi ya zama injiniya ya dawo yana roƙon a koya masa girki. Ba abin mamaki ba ne uba ya kalle shi da ɗaurewar kai.

A cikin ƙasar Sin ma igiyar na sassautawa. Kusan mutum miliyan 300 ne 'yan ci-rani daga karkara, da yawa sun bar yara a hannun kakanni. Dokar haihuwar ɗa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015, ta rage hannuwan da ke zama a naɗe jiaozi. Matashin birni na taɓa waya a kawo masa abinci ta manhajar Meituan, ana sayar da daskararren jiaozi a kowane kanti, kuma iyalai da yawa yanzu a otal suke yin cin abincin jajibere. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa bikin sabuwar shekarar Sinawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada, amma takardar hukuma ba ta koya wa kowa murji. Duk da haka, a Sichuan har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da tulun tsimin kayan lambu, mai kwarmi a wuya da ake zuba wa ruwa a kifa murfi don kada iska ta shiga. Ruwan tsimin ba a zubar da shi. Ana ƙara gishiri da sabon ganye, a kiyaye shi daga maiƙo, kuma uwa kan ɗebar wa 'yarta ta fara nata tulun da shi. Tsohuwar zuma ce, sai dai tana buƙatar mai duba ta duk mako, kuma wanda ke aiki daga tara na safe zuwa tara na dare a ɗakin haya a Shenzhen ba shi da wannan sukunin. Ba zan zarge shi ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi a duk wannan batu su ne waɗanda ba su da kakar da za su koma wurinta. Daga 1992 zuwa 2024, lokacin da gwamnatin Sin ta rufe shirin, an ba da yara fiye da 160,000 riƙo ga iyalai a ƙasashen waje, kusan rabinsu a Amurka, mafi yawansu mata. Sun tashi a gidajen da ba a jin Sinanci, ba a girka abincin Sin. Abin da da yawansu suka mallaka game da asalinsu shi ne sunan lardi da na gidan marayu a kan takarda. Wadda takardarta ta ce Hunan ko Jiangxi ko Guangxi za ta iya neman abincin wannan lardi, ta sayi kasko, ta koya daga littafi da bidiyo da matan da ke sayar da awara a kantin Sinawa na garinsu. Ba tunawa take yi ba, domin babu abin da za ta tuna. Sabon gini take yi daga tushe. Wasu Sinawan da suka tashi a gaban iyayensu kan yi wa irin wannan girki kallon na koyo, suna gyara mata furucin sunan abincin kafin su ɗanɗana. Wannan rashin adalci ne. Ba ita ta zaɓi a raba ta da murhun ba, kuma mafi yawan waɗannan yara yanzu sun girma, wasunsu na da nasu 'ya'yan da za su tashi suna ɗaukar abin da suka dafa a matsayin abincin gidansu.